Saltykov-Shchedrin: Mataimakin gwamnan da ya mai da manyan Rasha abin dariya

A watan Yuni na 1868 gwamnatin Rasha ta sallami wani babban ma'aikacinta daga aiki, sallama irin ta mutunci a takarda. Ya tafi yana riƙe da muƙami na huɗu a tsanin muƙamai goma sha huɗu na daular, wanda ya yi daidai da manjo-janar a soja, aka kuma yanka masa fansho na rubul 1,000 a shekara. A al'adar lokacin, duk farar hular da ya taka wannan mataki janar ake kiransa, ko da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba. Wata takwas bayan haka, wannan janar ɗin farar hula ya buga wata gajeriyar tatsuniya a mujalla, kan wasu janar-janar biyu 'yan fansho da yunwa ta kama har ɗayansu ya cije lambar girmamawar da ke wuyan ɗan'uwansa ya haɗiye. Sunan mutumin Mikhail Yevgrafovich Saltykov. Masu karatu sun san shi da sunan alƙalami, Shchedrin, daga baya kuma aka haɗa sunayen biyu wuri guda.

Marubutan zambo a kan masu mulki ba su da wuyar samu a tarihi. Abin da ke da wuya shi ne a sami wanda ya shafe sama da shekara ashirin yana cikin ofis, yana sa hannu a fayil, yana karɓar ƙarin girma, sannan ya fito ya zana mutanen ofis da alƙalamin da ba ya jin tausayi. Zambon Saltykov ya yi kaifi ne domin ba daga bayan katanga ya leƙo ba. Ɗan gida ne, kuma shi kansa bai fita da hannu fari tas ba.

An haife shi ranar 27 ga Janairu, 1826, bisa kalandar da ake amfani da ita yau, a ƙauyen Spas-Ugol na lardin Tver, arewa da Mosko. Mahaifinsa ɗan tsohon gidan sarauta ne mai sanyin hali. Mahaifiyarsa, Olga Zabelina, 'yar wani attajirin Mosko ce, ita ce kuma ke riƙe da ragamar gida, da wuƙa da nama. Dukiyar irin waɗannan gidaje mutane ce: bayin gandu, manoman da doka ta ɗaure su da ƙasar ubangijinsu, ana gadonsu, ana jinginar da su, ana sayar da su. Olga ta ƙware wajen tara su da ƙirga su. Wani bawan gidan, mai zane, shi ya fara koya wa yaron karatu. Abin da idonsa ya gani a wannan gida na bulala da rowa da faɗan gado bai bar shi ba har ƙarshen ransa, domin littafin da ya kammala daf da mutuwarsa ma a kan wannan ƙuruciya ya rubuta shi.

Yana ɗan shekara goma aka kai shi makarantar 'ya'yan manya a Mosko, a 1838 kuma aka mai da shi makarantar Tsarskoye Selo, wadda ta yaye mawaƙi Pushkin. Makaranta ce da aka kafa musamman domin ƙyanƙyasar manyan ma'aikatan daula, kuma cikin waɗanda suka ratsa ta a shekarunsa akwai mutum biyu da za su shiga labarinsa daga baya: Mikhail Reutern, wanda ya zama ministan kuɗi, da Dmitry Tolstoy, wanda ya zama ministan cikin gida. Saltykov ya gama a 1844 da daraja ta biyu, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, sai don an rubuta masa laifuffuka irin su shan taba da tsiwa da rubuta waƙoƙin da malamai ba su so. Aka ba shi muƙami na goma, aka tura shi akawu a ma'aikatar yaƙi da ke St. Petersburg.

Sai an fahimci wannan tsani kafin a fahimci dariyar Saltykov. Sarki Bitrus Mai Girma ne ya kafa shi a 1722, ya jera duk masu yi wa daula aiki a matakai goma sha huɗu. Matakin mutum shi ke nuna irin rigar da zai sa, da kirarin da za a buɗe masa wasiƙa da shi, da inda zai zauna a walima, har da yawan dawakin da za a ba shi a zangon hanya. Wanda ya hau sama sosai yakan sami sarautar gado ga zuriyarsa, kuma da masu hawa suka yi yawa sai aka riƙa ɗaga ƙofar: daga mataki na takwas zuwa na biyar a 1845, zuwa na huɗu a 1856. A gefen tsanin akwai lambobin girmamawa, na Stanislav da na Anna da na Vladimir, kowace da darajojinta, wata a ƙirji, wata a wuya. Yawanci ba bajinta ke kawo su ba, daɗewa a kujera ce da yardar na sama. Wanda aka ba ma sai ya biya wani kuɗi a asusun lambobin. Mutum na iya ƙare rayuwarsa bai gina gada ko ɗaya ba, amma a binne shi da ƙirji cike da ƙarfe.

Matashin akawun ya riƙa zuwa majalisar Mikhail Petrashevsky, inda ake karanta littattafan 'yan gurguzun Faransa. Ya buga labarai biyu, a 1847 da 1848. A na biyun, wani talakan saurayi ya yi mafarkin dala da aka gina da jikunan mutane, ya tsinci kansa a can ƙasa, nauyin na sama ya murƙushe shi. Rashin sa'a, labarin ya fito daidai lokacin da juyin juya halin Fabrairun 1848 ya kifar da sarkin Faransa, hankalin Sarki Nikolas na Ɗaya kuma ya tashi. A watan Afrilu aka kama Saltykov, aka tasa ƙeyarsa zuwa Vyatka, garin da yau ake kira Kirov, kimanin kilomita 900 arewa maso gabas da Mosko. Wannan kora ta zame masa gobarar Titi. Shekara guda bayan tafiyarsa aka kame 'yan majalisar Petrashevsky, aka jera su a fili kamar za a harbe, ciki har da Dostoevsky, kafin a mai da hukuncin zuwa aikin wahala a Saiberiya.

Hukuncin Saltykov shi ne ya ci gaba da aikin gwamnati, kuma ya yi shi da gaske. Daga kwafar takardu ya hau har ya zama shugaban ofishin gwamna, sannan mai ba da shawara a hukumar lardi. Ya zaga ƙauyuka yana bincike, bai karɓi na goro ba a inda kowa ke karɓa. Amma kada mai karatu ya ɗauka waliyyi ne a cikin ɓarayi. An tura shi ya kwantar da boren manoma a kan rikicin gona, an kuma ɗora masa binciken mabiya tsohuwar ɗariƙar Kirista da gwamnati ke tsangwama, ya shiga gidajensu ya yi bincike, ya yi musu tambayoyi, ya rubuta rahoto. Ya san daga jikinsa yadda mutumin kirki ke zama hannun zalunci ba tare da ya taɓa sata ba, abin da ake buƙata kawai shi ne ya iya aikinsa. Ina ganin daga nan ɗacin rubutunsa ya samo asali.

Fiye da shekara bakwai ya yi a can. Nikolas ya mutu a 1855, matar marigayi Pushkin, wadda ta sake aure da Janar Lanskoy, ta sa baki aka yafe masa. Ya koma babban birni a farkon 1856, ya kama aiki a ma'aikatar cikin gida, ya auri Yelizaveta Boltina, 'yar mataimakin gwamnan Vyatka, auren da mahaifiyarsa ba ta so ba domin yarinyar ba ta zo da dukiya ba. A shekarar ya fara buga Hotunan Lardi, jerin labarai kan wani gari da ya laƙaba wa suna Krutogorsk, da sa hannun wani ma'aikaci wai shi Shchedrin. A ciki tsofaffin akawuna ke ba da labarin dabarun tatsar manoma da bakinsu, cikin alfahari da kewar zamanin da. Ƙasar da ta sha kashi a yaƙin Kirimiya tana neman wanda zai gaya mata dalili, sai littafin ya karɓu nan take.

Abin mamaki, maimakon hukunci sai aka ƙara masa girma. A 1858 sabon sarki, Alekzanda na Biyu, ya naɗa shi mataimakin gwamnan Ryazan, a 1860 aka mai da shi Tver. Lokacin ana shirin 'yanta bayin gandu, abin da ya tabbata a 1861 ga mutum kimanin miliyan 23. Saltykov ya kori masu cin hanci, ya tono shari'o'in iyayengijin da suka azabtar da bayinsu, har masu ƙasa suka yi masa laƙabi da mataimakin Robespierre, wato jagoran nan na juyin juya halin Faransa da ya yi suna wajen fille kawuna. Mutum ne mai zafin rai da tsawa, yakan yaga takardar akawu ya sake rubuta ta da kansa. Na ƙasa suna tsoronsa, na sama sun gaji da shi. A 1862 ya ajiye aiki ya koma aikin jarida tare da mawaƙi Nekrasov a mujallar Sovremennik.

Bai daɗe ba. Kuɗi suka yi ƙaranci, ya kuma yi ta faɗa da abokan tafiya. Dostoevsky ya yi masa ba'a daga ɓangare guda, matashin mai suka Dmitry Pisarev ya caccake shi daga ɗaya ɓangaren a 1864, yana ganin dariyarsa ba ta cizo, tana sa masu mulki nishaɗi ne kawai. Wannan zargi ne da duk mai zambon siyasa ke haɗuwa da shi, kuma ba zargin banza ba ne, domin manyan da ake zagi su ma suna sayen mujallar, kowa yana cewa da maƙwabcinsa ake. A ƙarshen 1864 Saltykov ya koma aikin gwamnati, wannan karon a ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi.

Nan ne ya ga cikin tukunya. Yaƙin Kirimiya ya bar baitulmali da bashi da giɓi. Reutern, wanda ya karɓi ma'aikatar a 1862, shi ya fara bayyana kasafin kuɗin daular ga jama'a, ya yi ta fafutukar tsuke bakin aljihu da tattara kuɗin ma'aikatu a asusu guda. A zamaninsa ne aka sayar wa Amurka yankin Alaska a 1867 kan dala miliyan 7.2. Saltykov ya shugabanci ofishin baitulmalin lardi a Penza, sannan Tula, sannan Ryazan, ofishin da ke riƙe da lissafin masu biyan haraji da na bashin da ake binsu. A littattafan da ke gabansa ya ga wanda ke ɗauke da daular: manomin da aka 'yanta jiya, aka ɗora masa harajin kai, aka kuma ce ya biya kuɗin fansar gonarsa na tsawon shekara 49. A Tula ya yi kaca-kaca da Gwamna Shidlovsky, har ya rubuta wani habaici kan gwamnan da aka cusa wa kansa kayan girki. Ƙorafe-ƙorafe suka taru a St. Petersburg, shugaban 'yan sandan ciki, Shuvalov, ya kai maganar gaban sarki, aka yi sallamar da muka buɗe da ita.

Yanzu mu koma ga tatsuniyar, domin duk abin da ya koya a ofis yana cikin 'yan shafukanta. Janar-janar biyun sun ƙare rayuwarsu a wani ofishin rajista, a nan suka girma, a nan suka tsufa, ba su san komai ba sai kalmomin ladabin da ake rufe wasiƙa da su. Rana ɗaya aka soke ofishin saboda an gano ba shi da amfani. A lura da abin da sokewar ta taɓa da abin da ta bari: ofis ya tafi, amma muƙami yana nan, fansho yana nan, kowannensu da gidansa da kukunsa. Sai suka farka wata safiya a wani tsibiri da babu kowa, daga su sai rigar barci, amma kowanne da lambarsa rataye a wuya. Tsibirin cike yake da 'ya'yan itace da kifi da tsuntsaye, su kuwa ba su iya ko tantance gabas da yamma ba. Ɗayansu ya furta cewa shi duk zatonsa burodi haka ake haifarsa kamar yadda ake kawo shi da safe. Suka tsinci tsohuwar jarida, suka buɗe don su manta da yunwa, kowane shafi labarin walima ne. Daga nan suka far wa juna, aka cinye lambar yabo, wadda a karon farko ta yi wa wani amfani.

Sai dabara ta faɗo musu: ai ko'ina akwai talaka, nemansa kawai za a yi. Suka same shi kwance a gindin bishiya, ƙato, suka daka masa tsawa don yana gudun aiki. Ya tashi ya tsinko musu tuffa goma-goma masu kyau, ya ɗauki guda mai tsami. Ya yi tarko da gashin kansa, ya kunna wuta, har ya ƙware ya riƙa dafa miya a tafin hannu. Da yamma ya nemi izinin hutawa, suka ce ya fara tufka igiya. Ya tufka, suka ɗaure shi da ita a jikin bishiya don kada ya gudu. Daga baya ya sassaƙa musu jirgi ya kai su gida, suka je baitulmali suka kwashi fanshon da ya taru musu duk tsawon zamansu a tsibiri, suka aika masa ɗan kofin barasa da kobek biyar.

Igiyar nan ita ce ta raba Saltykov da sauran masu zagin gwamnati. Da ya tsaya a kan wautar janar-janar, da kowa ya yi dariya ya watse. Amma ya sa talakan ya tufka abin ɗaurinsa da hannunsa, yana ma jin daɗi manya sun yaba da ƙwazonsa. Wanda ya karanta bai san inda zai sa fushinsa ba.

Haka ya yi a babban littafinsa, Tarihin Wani Gari, wanda ya fito a 1869 zuwa 1870. Garin sunansa Glupov, wato garin wawaye, littafin kuma an shirya shi kamar kundin da ma'aikatan adana tarihi suka bari, da jerin shugabannin gari ashirin da biyu. Kakannin mutanen garin ne da kansu suka tafi neman wanda zai mulke su, suka yi ta roƙo har suka samu. Akwai shugaban da aka gano babu ƙwaƙwalwa a kansa sai ɗan akwatin kiɗa irin wanda ake wanawa, mai fitar da barazana iri biyu kacal, kuma ya mulki garin da su lafiya lau har ranar da akwatin ya lalace aka kira mai gyaran agogo. Akwai wanda kansa cushe yake da kayan daɗi, shi ne habaicin Tula ya dawo. Bai taɓa yin komai ba, shi ya sa a zamaninsa aka yi yalwar da ba a taɓa gani ba, har ranar da wani babba mai kwaɗayi ya shinshino kan ya cinye. Akwai Borodavkin, mai yaƙe-yaƙen wayar da kai, wanda ya tilasta wa jama'a cin wani yaji, ya kuma ƙone ƙauyuka talatin da uku ya karɓo bashin harajin rubul biyu da rabi. Wannan lissafi sai tsohon shugaban baitulmali. Akwai wanda ya shigo a kan farin doki ya ƙone makaranta ya soke ilimi. Mafi ban tsoro shi ne Ugryum-Burcheyev, mai son miƙaƙƙen layi, wanda ya rushe garin don ya sake gina shi kamar bariki, ya yi yunƙurin tsayar da kogi don yana gudu ba da izini ba. Kogin bai tsaya ba.

Ɗan jarida Aleksei Suvorin ya zarge shi a 1871 da yi wa talakawa izgili. Saltykov ya mayar da martani cewa ba tarihin da ya wuce yake rubutawa ba, zamaninsa yake nufi, kuma ba zai iya tausaya wa jama'a a kan haƙurin da suke yi da irin waɗannan shugabanni ba, ko da yake yana tare da su a matsayin masu haƙƙin mulkin kansu. Turgenev kuwa ya rubuta sharhi a wata mujallar Landan a shekarar, ya kwatanta shi da Jonathan Swift.

Daga 1868 gidansa shi ne mujallar Otechestvennye Zapiski, tare da Nekrasov, bayan rasuwar Nekrasov kuma ya zama babban edita a 1878. A nan ya kammala jerin labaran gwamnonin da ya kira 'yan Pompadour, da sunan farkar sarkin Faransa, domin ta hanyar alfarmar mata suke samun kujera. Ɗaya daga cikinsu ya shiga damuwa ranar da ya ji wai akwai wani abu da ake kira doka wanda ya fi shi ƙarfi, har aka kwantar masa da hankali cewa ya bar ta a kabad ya ci gaba da aikinsa. A nan kuma ya buga Iyalan Golovlyov tsakanin 1875 da 1880, labarin gidan masu ƙasa da ya ruɓe daga ciki. Uwar gidan hoton mahaifiyarsa ce, ɗanta Porfiry, mai daɗin baki da ambaton Allah yana cinye dukiyar 'yan'uwa, an ɗauko shi daga wansa Dmitry wanda suka yi shari'ar gado da shi. Bai manta ya ba Porfiry tarihin aiki ba: shekaru masu yawa a wata ma'aikata a babban birni, inda ya koyi yin lissafin banza da cika takarda da maganar da ba ta da ciki.

Duk wannan an rubuta shi ne a ƙarƙashin idon hukumar tace ɗab'i. Saltykov ya ƙware a zancen kurman baƙi, ya kira salon da sunan Aesop, bawan nan na tsohuwar Girka mai tatsuniyoyin dabbobi, ya kuma ɗauke shi a matsayin harshen bayi, ba abin alfahari ba. Yakan sa wawa ya yabi gwamnati yabon da ya fi zagi ciwo. Masu karatunsa sun koyi karanta abin da ba a rubuta ba. Farashin wannan shi ne yawancin rubutunsa na mujalla ya tsufa tare da rigingimun da yake habaici a kansu, mai karatun yau ba ya gane su sai da dogon bayani, abin da ya sa bai yi suna a wajen Rasha kamar Tolstoy marubuci ko Dostoevsky ba.

Ranar 13 ga Maris, 1881, 'yan juyin juya hali suka kashe Alekzanda na Biyu da bam. Ɗansa ya rufe duk tagogin da uban ya buɗe. A 1882 Dmitry Tolstoy, tsohon ɗan makarantarsu, ya zama ministan cikin gida. Saltykov ya juya alƙalaminsa kan masu sassaucin ra'ayi da tsoro ya kama. A wani littafi na wannan lokaci, wasu 'yan boko biyu sun karɓi shawarar su lafa su jira, suka fara da yawo da ciye-ciye don kada su yi tunani, suka ƙare suna karta da ɗan sandan unguwa suna taya shi aikin ƙazanta. A wata tatsuniya, wani ɗan kifi mai wayo ya haƙa rami ya ɓuya don kada a cinye shi, ya rayu fiye da shekara ɗari yana rawar jiki, ya mutu ba wanda ya sani.

A watan Afrilu na 1884 taron ministan cikin gida da na ilimi da na shari'a da babban jami'in majalisar coci ya rufe mujallar har abada, bisa zargin alaƙar wasu ma'aikatanta da 'yan juyin juya hali. Wannan ya karya shi fiye da korar Vyatka. Ya daɗe yana fama da ciwon gaɓoɓi da na zuciya, zaman gidansa ba daɗi, yanzu kuma an raba shi da masu karatunsa, waɗanda su ne kaɗai yake jin ya mallaka. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne shirun da ya biyo baya: ba wanda ya fito ya yi magana.

Duk da haka a wannan shekarar ya rubuta tatsuniyar da ta fi kowace bayyana yadda ake samun ƙarin girma. Zaki ya tura dabbar nan beyar, mai muƙamin manjo, ya mulki wani daji. Ya iso da burin zubar da jini mai yawa don ya shiga tarihi, amma cikin maye ya haɗiye wani ɗan tsuntsu bisa kuskure. Dajin duka ya ɗauka da dariya, an zaci babban ta'adi, ga shi ya ɓuge da ƙaramar ɓarna, Zaki ya sauke shi saboda abin kunya. Na biyu ya fara da babbar ɓarna a gidan wani manomi, manoma suka kashe shi. Na uku ya shige kogo ya kwanta, ya bar daji yana cin kansa kamar yadda ya saba, ana kawo masa gaisuwa. Shi ne aka yi ta ƙara wa girma har ya kai kanar, kafin mafarauta su iso. Masu tace ɗab'i ba su bari ta fito a Rasha ba a rayuwarsa, sai dai ta yi yawo hannu da hannu, aka kuma buga ta a ƙetare.

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su a ɗaki a St. Petersburg, lulluɓe da bargo, yana rubuta labarin ƙuruciyarsa ga wata mujallar da ba tasa ba. Ya fara wani sabon aiki kan kalmomin da yake ganin mutanen zamaninsa sun manta, irin su lamiri da ƙasar haihuwa da mutuntaka, bai wuce shafin farko ba. Ya rasu ranar 10 ga Mayu, 1889, yana da shekara 63, kwana uku bayan mutuwar Dmitry Tolstoy, ministan da ya rufe masa mujalla. An binne shi a maƙabartar Volkovo kusa da Turgenev, kamar yadda ya yi wasiyya.

Daular da ya yi wa zambo ta faɗi a 1917, aka soke tsanin muƙamai da lambobinta a shekarar. Sabbin masu mulki suka rungume shi, domin Lenin ya sha kawo misali da mutanen littattafansa. A 1932 aka sa wa babban ɗakin karatu na Leningrad sunansa, aka sa tatsuniyoyinsa a manhajar makarantu a matsayin hoton zamanin sarakuna. A babban taron jam'iyyar Kwaminis na 1952, Georgy Malenkov ya tsaya gaban wakilai ya ce ƙasar na buƙatar nata Gogol da nata Shchedrin. Shekara shida kafin wannan jawabi, jam'iyyar ta sa an kori Mikhail Zoshchenko, marubucin barkwancin da ya fi kowa farin jini a ƙasar, daga ƙungiyar marubuta, aka kuma hana buga labaransa.